Buhu Tara a Kogin Kaduna

Buhun fulawa tara na farke,
na wanke, na shanya a katangar Kabala,
na haɗe su da zaren da ya saura
daga ɗinkin Sallar bara.
Ndagi ya auna da kamu, bai ce uffan ba,
ya ɗaure a jikin gora, ya kafa tsakiyar kwale-kwale.
Masu haƙar yashi suka dafa shebur suna shewa:
"Tela, yau kuma iska ka ɗinka wa riga?"

Bazara ce. Kogi ya rame har haƙarƙarinsa sun fito,
baƙaƙen duwatsu, kowanne da farar hular kashin belbela.
Hantsi na dubawa iska ta taso daga wajen Kudenda,
ta shige buhunan kamar mai gwajin sabon kaya,
ta cika su tam, ta ingiza mu,
muna hawa, ruwa na gangarowa.

Unguwar Rimi ta wuce, ana bugun wanki a kan fa.
Malali ta wuce.
Rafin Guza, tarin injin ban-ruwa,
ƙanshin ganyen tumatir da aka taka.
Daga nan hon ɗin mota ya mutu,
kiran salla ya sirance kamar zare a bakin tsinkewa,
sai geza, sai zalɓe guda a kan ƙafa guda
yana hararmu kamar mun ci bashinsa.

Ndagi na karatun ruwa, ni ina bin baki:
"Inda ya kwanta lumui, akwai zurfi.
Inda ya yamutsa fuska, dutse ne a ɓoye.
Inda ya yi kalar shayi da madara, yashi ne, kauce."
Shekara talatin ina karanta saƙar yadi,
ga yadin da ban san ta inda ake yanka shi ba.

Ban gaya masa ba,
damina shida ke nan ban taka gaɓar nan ba,
tun daren da kogin ya shigo shagona babu sallama,
ya ɗauke kan keke da shaddar mutane,
ya bar mini laka da bashi da kunyar haɗuwa a kasuwa.

Azahar na yi iska ta tuɓe rigar ta tafi.
Cikin jirgi ya goge ƙasa, ƙurrr, muka cije.
Ndagi ya ce, "Sauka ka ja."
Na naɗe wando, na karanta duk abin da na haddace,
na zura ƙafa.
Iya ƙwauri!
Ga ɗumi kamar ruwan wankan jariri,
'yan kifi na tsakurar yatsuna.
Ashe wannan ne ya ci ni?
Na sunkuya ina laluben baƙin ƙarfe a ƙasa,
sai warin silifa, sai gwangwanin madara
da dodon-koɗi ya kama haya a ciki.

Tsakanin buhu na uku da na huɗu ɗinki ya buɗe baki.
Aikina ne, babu wanda zan ɗora wa.
Na zauna a tudun yashi da basilla,
Ndagi ya gasa karfasa biyu a wutar kirare,
muka ci da gishirin ƙullin leda.
Ya nuna inda nake zaune da ƙayar kifi:
"Nan da wata uku, gora biyu ba za ta taɓo nan ba."
Na gyara zama. Na ƙara wa ɗinkin layi.

La'asar sakaliya gabas ta haɗe rai,
shamuwa biyu suka gifta can sama.
Muka naɗe buhunan, muka juya hanci.
Ya ce komawa ba ta bukatar riga,
kogi ya san hanyar gida.

Hannuna na cikin ruwa har fitilun gada suka bayyana.
A gida na warware naɗin wando,
yashi ya zubo, cikin tafi guda.
Na juye shi a gwangwanin maɓallai.